Zangunan da Kawu Ya Bari

Ranar sadakar ukun Kawu ce jikina ya fara ba ni cewa akwai matsala. Ina tsugune a bakin zaure ina tattara kwanukan da maza suka gama da su, sai wani mutum ya tsaya a kaina. Takalminsa na fara gani. Babu ɗigon laka a jiki, alhali a makon nan duk wanda ya shigo unguwarmu sai ya taka taɓo, don ruwan ambaliya bai gama janyewa ba. Ya ce mini ya haƙuri. Kafin in amsa ya tambaya ko ni ce ke riƙe da makullin shagon marigayi. Na ce e. Sai ya rage murya.

"Kayan wuta ba su da tabbas, 'yammata. In sun lalace ai ba laifin kowa ba ne."

Ya wuce ya hau mashin ɗinsa. Da na ɗago na ga mata biyu 'yan zaman makoki a ƙofar gida suna kallona, ɗaya ta yi saurin kawar da kai. Daga baya Inna, mahaifiyata, ta gaya mini ko wane ne. Mai gonakin shinkafa ne a fadamar da ke hanyar Guri, kuma shi ne ake ta magana a kansa game da burtalin shanu. A lokacin ban san wannan ba.

Na Allah ne mu, kuma can za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Asabar da hantsi bayan jinyar kwana tara. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi. Amma ba zan iya ba da labarinsa in tsallake abin da na yi da hannuna bayan ya tafi ba, don haka za ku yi haƙuri da ni in na haɗa biyun.

Ban taɓa sanin Kawu yana da mutane haka ba sai a kwanakin makoki. Tsofaffin abokan aikinsa na ofishin safiyo, masu awon ƙasa, sun zo daga Dutse, suna ta ba da labarin yadda ya taɓa mayar da su daji daga bakin tasha don ya manta bai sake auna kusurwa ɗaya ba. Masunta sun zo da busasshen kifi a ƙullin leda, suka ajiye. Wata tsohuwa daga Kafin Hausa ta shigo tana tambayar ina gidan mai igiyar awo, ta ce shi ya raba ta da 'yan'uwan mijinta a kan gona ba tare da an je kotu ba. Matar Kawu kuwa ba ta yi kuka da ƙarfi ba ko sau ɗaya. Tana zaune da carbinta, duk wanda ya shigo sai ta ce masa ai bai gama shan kokonsa ba ranar da ciwon ya kama shi, kofin yana nan ta rufe. Inna ce ta yi ta kuka, tana cewa yanzu wa zai yi mata faɗa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Ardo, shugaban Fulani makiyaya. Ya zo da mutum huɗu daga rugarsu, suka zauna a ƙarshen tabarma. An kai musu abinci ba su taɓa ba. Da zai tafi ya gaya wa Yaya, babban ɗan Kawu, cewa shi ba ya karatu, amma muddin wannan bawan Allah yana raye bai taɓa jin yana bukatar karatu ba. Ya goge ido da bakin rawaninsa ya fita.

Kawu ya yi aikin awon ƙasa har ya yi ritaya, sannan ya buɗe ɗan shago kusa da kasuwa. A gaba ana buga takardu ana yin fotokofi, a baya kuma akwai teburinsa da kwamfutarsa. Ba ya rabuwa da tef ɗin awo. Ko ɗaurin aure zai je yana aljihunsa, kuma na taɓa ganinsa yana auna faɗin rumfar wani biki da ido yana girgiza kai. Ya tsani kalmar "wajen". In ka ce za ka zo wajen ƙarfe huɗu, sai ya tambaye ka wajen ta gaba ko wajen ta baya. Yakan ce a ƙasar Haɗejiya iyakar gona tafiya take yi duk damina, ruwa ya ɗauke ta ya ajiye inda ya ga dama, don haka dole a sami wani ya zauna yana tuna inda take. Shi ya ɗauki kansa a matsayin wannan mutumin, kuma mutane sun yarda.

Sannan ba ya yar da komai. A ƙarƙashin teburinsa akwai kwalin makullan da ba a san ƙofarsu ba, da batiran da suka mutu, da murafen biro. In na share shago na kai wani abu bola, sai in dawo in same shi a kan tebur an goge masa ƙura. Kallona kawai yake yi ta saman tabarau.

Yadda na shiga shagon kuwa, bayan na gama sakandare ban ci lissafi ba, na zauna a gida shekara guda ina jin kunyar fita. Wata rana Kawu ya zo ya ce wa Inna ta ara masa ni na mako ɗaya, yana da takardu da yawa. Makon nan shi ne ya zama shekara uku. A watana na farko wani mutum ya shigo da takardar da yake so a buga, da ya ga ni ce a kan kujera sai ya ce shi ba mace ce za ta buga masa ba. Kawu bai yi musu ba. Ya ce in tashi, ya zauna da kansa, ya fara neman haruffa da yatsa ɗaya, yana cire tabarau yana mayarwa, yana tambayar mutumin ko ya ga inda harafin kaza ya shiga. Bayan rabin awa suna layi na uku. Mutumin nan da bakinsa ya ce, Malam, don Allah a bar yarinyar ta yi. Kawu ya ce ai shi bai san yana sauri ba.

Komai na shagon ya koya mini, ban da abu ɗaya. Manhajar da yake zuba awonsa a ciki tsohuwa ce, tare da na'urar awonsa ta zo, kuma ba ta tashi a kan sababbin kwamfutoci. Da tsohuwar kwamfutarsa ta mutu, Yaya, wanda yake aiki a Kano, ya zo ya yi masa dabara. Ya gina masa kwamfuta a cikin kwamfuta. Kana kunna sabuwar, ka danna wani wuri, sai taga ta buɗe, ka ga tsohuwar tana tashi a ciki da duk kayanta kamar ba ta taɓa mutuwa ba. Kawu yana kiran su ta waje da ta ciki. Ta waje tawa ce, in yi abin da na ga dama. Ta ciki kuwa iyakata in buɗe in buga masa taswirar da ya nuna, in rufe.

A ta ciki akwai abin da Yaya yake kira sinafshot, Kawu kuma ya sa masa suna zango. Kafin ya zuba sabon awo sai ya yi bisimilla ya yada zango, wato ya sa na'urar ta riƙe yadda komai yake a wannan lokacin, ta yadda in ya yi kuskure zai iya komawa nan ya sake tasowa. Kowane zango da sunan da ya ba shi. Akwai "kafin ruwa", akwai "bayan ruwa", akwai "burtali", akwai har da "kafin in taɓa gonar mai yawan magana". Goma sha ɗaya ne ranar da ya rasu. Tunda ba ya yar da murfin biro, kun san ba zai yar da zango ba. Kowanne kuwa yana cin wuri a faifan ajiya, kuma kullum ƙaruwa suke yi.

A kan wannan suka yi faɗa da Yaya da babbar sallar da ta wuce. Ina bakin injin fotokofi na ji su. Yaya ya ga layin da ke nuna cikar faifai ya koma ja, ya ce, Baba, dole a goge tsofaffin nan, in ba haka ba wata rana za ta tsaya cak. Kawu ya ce ya taɓa gwadawa sau ɗaya, wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, ya yi awa guda yana gumi kafin ta dawo ya ga komai na nan, kuma daga ranar ya yi alkawari ba zai sake ba. Yaya ya ce tsoro ne kawai. Kawu ya ce e, tsoro ne, gonakin mutane ne a ciki ba hotunan biki ba. Murya ta hau. Yaya ya fita bai yi sallama ba, kuma har ya shirya komawa Kano ba su yi magana ba. Amma da ya isa tasha ya tarar Kawu ya riga ya aika masa da kwalin kifi an sa a mota. Ni abin da ya zauna mini a kai daga faɗan nan kalma biyu ce: goge tsofaffi.

Shi zangon burtali yana da labari. Shekara biyu da suka wuce rigima ta yi zafi tsakanin masu shinkafa da makiyaya a kan hanyar da shanu ke bi su sauka kogi da rani. Bulama, mai unguwar yankin, ya roƙi Kawu ya je. Ya je da na'urarsa, ya shiga ruwa cikin ciyawar kacalla har ƙirji, na'urar a saman kansa, yana da shekara kusan saba'in. A kowace kusurwa sai ya sa ɓangarorin biyu sun ce "mun gani" da babbar murya kafin a kafa turken siminti. Ya dawo da zazzaɓi ya kwanta kwana huɗu. Tun daga nan ba a sake jin kansu ba. To ambaliyar bana ta kwashe turakun. Takardar da aka bar wa Bulama kuma ta narke lokacin da ɗakinsa ya faɗi. Abin da ya rage a duniya da zai nuna inda burtalin yake shi ne lambobin da ke cikin ta ciki.

Ranar da na kai masa kunu asibiti, kwana uku kafin ya cika, ya riƙe hannuna ya ce faifan nan ya kusa cika, in ya tashi za mu zauna ya nuna mini komai. Na ce to, Allah ya ba shi lafiya.

Bayan sadakar bakwai Yaya da matarsa suka koma Kano. Ranar Litinin Bulama ya aiko cewa za a zauna ranar Juma'a bayan masallaci, shi da Ardo da masu shinkafa, a kawo taswirar burtali. Shanu sun riga sun taso daga tudu, masu shinkafa kuma sun fara gyaran ƙasa don noman rani. In shanu suka iso suka tarar an dasa hanyarsu, duk wanda ya girma a nan ya san abin da ke biyowa baya.

A ranar Litinin ɗin na buɗe shago da safe. Ƙamshin turarensa yana nan. Na kunna ta waje, na buɗe ta ciki, ta fara tashi, sai ta yi ƙara ta tsaya. Wani rubutu ya fito yana cewa faifai ya cika, a samar da wuri. Na goge duk takardun mutane da na taɓa bugawa a ta waje, layin bai ko motsa ba. Na duba jerin zanguna. Akwai maɓallin gogewa a wurin, amma da na ga sunayen da Kawu ya rubuta da hannunsa, da "burtali" a tsakiyarsu, sai na ji tsoron taɓa wurin. Na ce bari in bi ta baya.

Na rufe ta ciki, na shiga foldar da take ajiye kayanta. A can fayilolin ba su da suna, haruffa ne da lambobi barkatai, sai ranar da aka yi kowanne da girmansa. Na jera su daga tsoho zuwa sabo. Na ga biyu na farko sun girmi awon burtali da shekaru, kuma su ne manya. Na ce a raina, waɗannan ba ruwansu da burtali, kuma ai Yaya da kansa ya ce a goge tsofaffi. Na danna. Kwamfutar ta ce sun yi wa kwandon shara girma, ko in goge su gaba ɗaya. Ta tambaye ni, wallahi ta tambaye ni. Na ce e.

Layin ya koma shuɗi. Har murmushi na yi. Na buɗe ta ciki, sai ta ƙi tashi. Ta ce ba ta ga faifanta ba. Na sake, ta sake faɗa. A karo na uku sai na ji muryar mai takalmin nan a kunnena, na tuna matan nan biyu na ƙofar gida. Kwana bakwai da ya yi mini maganar a gaban mutane, ga shi na'urar ta lalace a hannuna, ni kaɗai a shago. Wa zai yarda kuskure ne? Ni kaina da wani aka ce ya yi haka ba zan yarda ba. Na fizge wayar wuta daga bango, na lulluɓe kwamfutar da zanen da Kawu ke rufe ta da shi, na kulle shago na tafi gida.

Ranar Talata na ce kaina ke ciwo. Ardo ya aiko a karɓi takarda, na sa aka ce babu wuta. Ina kwance ina jin mashina suna wucewa, kowanne sai in ɗauka a ƙofarmu zai tsaya. Na yi ta tunanin turakun da Kawu ya shiga ruwa ya kafa, da mutanen da za a iya kashewa a fadamar nan, da yadda za a ce 'yar ƙanwarsa ce ta sayar da shi tun kabarinsa bai bushe ba. Ban ci komai ba.

Ranar Laraba da hantsi maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi. Ina ɗaki na ji tana gaya wa Inna cewa ita dai ba ta son gulma, amma a kasuwar kifi ana cewa shagon marigayi a kulle yake kwana biyu, kuma an ga yarinyar tana ƙus-ƙus da mai shinkafa ranar uku. Ta ce samarin ruga ma sun ji, kuma ba su ji daɗi ba. Da ta fita Inna ta shigo ta tsaya a bakin gado. Ba ta tambaye ni ba. Ni na faɗa mata komai. Ba ta gane rabin maganar ba, amma ta gane na goge, kuma ta gane ba ya dawowa.

"Ya ba ki wani abu?"

"Wallahi, Inna, ko ruwa."

Ta dube ni tsawon lokaci, sannan ta ɗauki waya ta kira Yaya. Ina jin muryarsa daga inda nake. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai matarsa ta karɓi wayar. Ita malamar kwamfuta ce a wata makaranta a Kano, ba ta da yawan magana, kuma ni da ita ba mu taɓa wuce gaisuwa ba. Abu ɗaya ta tambaye ni, ko bayan na goge na sake ajiye wani abu a kwamfutar, ko na sake kunna ta. Na ce a'a, na cire wayar wuta. Ta ce to kada wanda ya taɓa ta, ko ƙura kada a goge mata, suna tafe da asuba.

Sun iso ranar Alhamis da hantsi. Da muka je shago muka tarar Ardo da mutum biyu suna zaune a ƙarƙashin dalbejiyar da ke tsallaken titi, sandunansu a kan cinya. Yaya ya je ya gaishe su, suka amsa, ba su tashi ba. Ni ban iya duban wajen ba.

Matar Yaya ta kwance kwamfutar ta ciro faifan, ta jona shi da tata, ta jona wani sabon faifai da ta zo da shi. Tana aiki tana yi mini bayani a hankali, ba ta kallona. Ta ce zango ba ya ɗauke da komai da komai. Abin da ya canza bayan na gabansa kawai yake riƙewa, don haka kowanne a kan na ƙasa yake zaune, kamar buhunan shinkafa a sito. Zangon burtali yana nan ban taɓa shi ba, amma na zare buhuna biyu na can ƙasa, shi ya sa babu wanda zai tsaya. Ta ce maɓallin da na ji tsoro shi ne hanyar lafiya. A can in ka ce goge, na'urar zuba zangon take yi cikin na kusa da shi, ta haɗe su, wuri ya samu ba a rasa komai ba. A folda kuwa goge yana nufin goge.

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce shi da ya ce wa Baba a goge tsofaffi, wancan yake nufi. Matarsa ta ce to ai ba haka ya faɗa ba, kuma da ita ce a bakin injin fotokofi abin da za ta ji ke nan. Ta ce shi da Baba duk ɗaya ne, kowa ya riƙe rabin sani a aljihu, sun bar yarinya da makulli.

Na tambaye ta ko za su dawo. Ta ce ba ta sani ba. In aka goge fayil, sunansa ake cirewa a ce wurin babu kowa, amma jikinsa yana nan har sai an rubuta wani abu a kai. Tsoron da ya sa na fizge wayar wuta shi ne abu mafi kyau da na yi a makon nan. Amma manyan fayiloli a warwatse suke zama, in gutsure ɗaya ya ɓace shi ke nan. Ba za mu sani ba sai an gwada tayar da ita.

Layin binciken ya fara tafiya. Ban taɓa ganin abu mai jinkiri irinsa ba. Yaya ya tayar da janareta tun wuta tana nan, ya ce ba zai bari a yi na Baba ba. Aka kira azahar. Mutanen ƙarƙashin bishiya suka yi alwala suka yi salla a wurin, suka koma suka zauna, sun zama biyar. Sau biyu mashin ɗin mai shinkafa ya wuce a hankali. A na biyun ya tsaya, ya leƙo kansa ta taga, ya gaida Yaya, ya ce ya ji an ce na'ura ba lafiya, Allah ya sawwaƙe. Sannan ya dube ni ya yi murmushi kamar mun san wani abu tare, a gaban mutanen da ke tsallaken titi.

Ƙarfe biyu da rabi fayil na farko ya fito. Na biyun sai da ya kai uku da kwata. Matar Yaya ta kwafe komai zuwa sabon faifan, tsoho da sabo, ta ce daga yau ba za a sake gwaji a kan na Baba ba, kuma haɗe zangunan sai wani lokaci, bayan an ajiye kwafi biyu. Ta mayar da fayilolin cikin foldarsu a kan sabon faifan. Ta ce in zo in danna da kaina. Na ce ba zan iya ba. Ta ce ni zan yi, don ni zan ci gaba da zama a shagon nan.

Na danna. Tagar ta buɗe baƙa. Ta daɗe a haka, har na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Sai ɗan rubutu ya fito a kusurwa, sai launi, sai tsohuwar fuskar da na saba gani. Matar Yaya ta ce kada in yi murna tukuna, in buɗe awon. Na buɗe manhajar, na nemi burtali. Layuka biyu suka fito suna gangarawa kogi, da lambobi a kowace kusurwa.

Yaya ya tsallaka titi ya dawo da Ardo. Ardo ya cire takalmi a bakin shago, abin da ba wanda ke yi. Ya tsaya a bayana yana kallon allon, na san ba ya gane komai a kai. Ya ce in karanta masa faɗin hanyar a bakin ruwa, inda tsamiya take. Na karanta masa. Ya ce in karanta na wurin da ta lanƙwasa. Na karanta. Ashe yana riƙe da su a ka tun ranar da Kawu ya faɗa yana tsaye cikin ruwa, gwada ni yake yi ko an taɓa. Ya sa na karanta guda shida. Bayan na shida ya juya ya yi wa mutanensa magana da Fulatanci ta ƙofa. Na ga sun miƙe suna kaɗe riguna.

Ana kiran la'asar a masallacin kasuwa lokacin da ya juyo gare ni.

"Haka marigayi ya faɗa, ba ragi ba ƙari. 'Yata, an kawo mini magana a kanki, na ce sai na ji da kunnena. Na ji. Ki buga mana uku, sannan ki je gida ki ci abinci. Babu wanda zai sake ambaton sunanki."

Na ce to. Na miƙa hannu zan ɗauko takarda in sa a firinta. Matar Yaya ta riga ni, ita ta sa mini.